Ko Kun Sani?

Tukunyar gas kan yi raɓa, wani lokaci har da ƙanƙara, ko da a tsakar rana ne a garin Gure, idan aka ɗora mata babban murhu irin na girkin biki ko na sansanin ma'aikata. Ba lalacewa ta yi ba. Gas ɗin da ke ciki ruwa ne, kuma sai ya zuƙi zafi daga jikin ƙarfen kafin ya koma iska, kamar yadda tsatsafar randa ke sanyaya ruwan sha. Idan murhu ya fi ƙarfin tukunya, ƙarfen ya yi sanyi ƙalau, wuta ta yi lanƙwas, shinkafar mutum hamsin ta ƙi nuna. Shi ya sa 'yar tukunya mai kilo 6 ba ta dace da wannan aiki ba, gara mai kilo 12 ko fiye. Kada dai a kanga ta da wuta don ta ɗumama, ganganci ne.

Gas ɗin kuwa na gida ne: matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, tana fitar da shi daga ɗanyen man Agadem.