Gano Mai Magana a Zaure Mai Amsa-Kuwwa: Amfani da Jerin Makirfo Wajen Nazarin Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk manazarcin da ya taɓa ɗaukar hirar dattawa a zaure ya san wahalar da ke biyo baya. A Tudun Ƙofa ta garin Keffi, alal misali, idan mutum shida suna hira cikin zauren siminti mai rufin kwano, kunnen wanda ke zaune yana rarrabe su nan take, amma da an koma ga abin da na'ura ta ɗauka sai a tarar muryoyi sun cakuɗe. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda jerin makirfo ke gano inda magana ta fito, da abin da ke rikita shi.

2.0 Tazarar Isowar Sauti

Sauti yana cin mita 343 a sakan ɗaya idan zafi ya kai digiri 20, a zafin bazara na digiri 35 kuwa yana cin kusan mita 352. Idan aka ajiye makirfo biyu da tazarar santimita 20, muryar wanda ke gefe za ta riga isa ga na kusa da shi, da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Wanda ya fuskance su daidai kuwa, muryarsa tare take isa. Da wannan 'yar rata kwamfuta ke lissafa kusurwar mai magana.

3.0 Matsalar Amsa-Kuwwa

A fili wannan lissafi ba wuya. A ɗaki kuwa, murya takan bugi bango da rufi da daɓe ta dawo, kowace dawowa tamkar wani sabon mai magana ne daga wata kusurwa. Wallace Sabine, wanda ya fara bincike a Jami'ar Harvard a 1895, shi ya tsayar da ma'aunin lamarin, wato lokacin da sauti ke ɗauka kafin ƙarfinsa ya ragu sau miliyan. Ya kuma nuna cewa matasan kujeru da jikin mutane suna shanye sauti. Ke nan zauren da ya cika da jama'a da shimfiɗu ya fi wanda babu kowa daɗin ɗaukar magana.

Kunnen ɗan'adam yana da tasa dabara. Wallach da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa sautin da ya fara isowa shi kunne ke gaskatawa wajen sanin wuri, ya yi watsi da masu biyowa. Na'ura sai an koya mata. A 1976 Knapp da Carter suka bayyana hanyar da ke daidaita ƙarfin sassan sauti duka, ta dogara ga lokacin isowarsu kurum. A 2000 Joseph DiBiase na Jami'ar Brown ya faɗaɗa ta: kwamfuta ta bi wurare a ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi inda shaidar dukkan makirfo ta haɗu.

4.0 Abin da Ya Shafi Hausa

A nan ne masanin harshe ke da ta cewa. Farkon furuci, musamman fashewar tsayau da tunkuɗau irin su /k/ da /ƙ/, yana isa makirfo kafin bango ya mayar da komai, don haka shi ya fi nuna wuri. Dogon wasali kuwa yana gauraya da amsa-kuwwar kansa. Amsa-kuwwa tana ja wa gajeren wasali wutsiya, har awon da ke raba gàrii (birni) da gàarii (na tuwo) ya raunana. Haka kuma tana cike ɗan shirun da ke gabanin fashewa.

Idan jerin makirfo ya gano mai magana, ana iya karkata sauraronsa gare shi, a rage muryoyin saura. Sai dai a ganinmu tataccen sauti ya dace da rubuta hira da sanin wane ne ya faɗi me, amma awon tsawon wasali da karin sauti ya fi aminci da makirfon da aka maƙala kusa da bakin mai magana.