Hannun Jari: Zancen Majalisa da Abin da ke Littafin Kamfani

A kasuwar Tudun Hatsi babu mai biyan kuɗin buhun wake sai ya zura hannu ya ga ko ƙwari sun ci. Amma mutumin nan, in aka zo batun hannun jari, cinikin biri a sama yake yi: ya ji a majalisa, ya saya a waya.

Zancen da ya fi yawo shi ne wai hannun jarin naira 2 ya fi na naira 500 araha. Ba haka ba ne. A ɗauka na naira 2 ribar da yake jawowa a shekara kwabo 5 ce, sai ya shekara 40 kafin ya maida kuɗinsa. Na naira 500 kuwa, in ribarsa naira 100 ce, shekara 5 ta isa. Wanne ne mai tsada? Raba farashi da ribar da kowane hannu ya samu, wannan shi ne ma'aunin farko, kuma wayar hannunka za ta yi maka lissafin.

Sai masu cewa kamfanin da kowa ke sayen kayansa ba ya faɗuwa. Wa bai san MTN ba? A 2023 cinikinsa a Najeriya ya haura naira tiriliyan 2, duk da haka ya rufe shekarar da asarar kusan biliyan 137, saboda darajar naira ta faɗi alhali akwai nauyin dala a wuyansa. Ciniki daban, riba daban. Ita ma ribar a bi ta a hankali, domin ɗan kasuwar da rabin kayansa ke hannun masu bashi yana da riba a littafi, aljihu kuwa wayam. Don haka a duba kuɗin da suka shigo hannu, a duba bashin da ake bin kamfanin, na shekara uku zuwa biyar a jere.

Wasu kuma cewa suke: "Ai caca ce." Nan akwai ƙanshin gaskiya. Waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari kafin rugujewar kasuwar a 2008 har yau ba su manta ba. Sai dai tsarin zuba kuɗi irin su MMM da ya kife a 2016 da CBEX na 2025 ba hannun jari ba ne, babu masana'anta, babu rahoton shekara. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari ta NGX dole ne ya wallafa asusunsa da masu binciken kuɗi suka tantance, kuma kyauta ake karantawa. Mai gudun kuɗin ruwa da giya ma an yi masa tanadi, akwai jerin Lotus na kamfanonin da suka dace da shari'a tun 2012.

Wani zancen kuma: wai hannun jarin simintin Ashaka ya bi ruwa. An dai cire kamfanin daga kasuwa a 2017 bayan Lafarge Africa ya mamaye shi, kuma an yi wa masu hannu tayin musanya da na Lafarge. In akwai tsohuwar takardar hannun jarin mahaifinka a akwati, kada ka bar wa gara. Kai ta wurin dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ya bincika maka.