Me Ya Sa Wasu Kumbuna Ke Riga Wasu Ficewa Daga Gidan Rana?

A wani darasin fassara da nake koyarwa a jami'a, na taɓa ba ɗalibaina wani labari kan kumbon Voyager 1, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta ce ya fice daga yankin rana a shekarar 2012. Sai wata ɗaliba ta ce: "Malam, ai na karanta cewa akwai waɗanda aka harba kafin shi. Ya aka yi ya riga su?" Ni dai harshe na karanta, amma tambayar ta sa na koma bincike, kuma amsarta nake son kawo wa mai karatu a yau.

Kumbuna biyar ne ke kan hanyar barin rana ba dawowa. An harba Pioneer 10 a 1972, Pioneer 11 a 1973, Voyager 2 ran 20 ga Agusta 1977, Voyager 1 ran 5 ga Satumba na wannan shekara, sai New Horizons a 2006. Da sammako ne ke kai mutum, da Pioneer 10 ne a gaba. Amma a watan Fabrairu 1998 Voyager 1 ya zarce shi nisa. Da kuma ƙarfin tashi ne, da New Horizons ya ci gasar, domin ya bar duniya da gudun kusan kilomita 16 a daƙiƙa, fiye da sauran huɗun. Duk da haka ba zai taɓa cim ma Voyager 1 ba.

Dalili shi ne, rana tana janyo duk abin da ke ƙoƙarin guje mata, don haka kowane kumbo gudunsa raguwa yake yi. Abin da ke ƙara masa ƙarfi shi ne manyan duniyoyin da ya ratsa ta kusa da su. Mai karatu ya tuna yaron da ke kan keke ya kama bayan motar kaya: idan ya saki, sai ya wuce da gudun da ƙafarsa ba za ta iya ba shi ba. Haka kumbo ke yi idan ya bi ta bayan wata duniya mai tafiya a falakinta. A 1965 wani injiniya mai suna Gary Flandro ya gano cewa manyan duniyoyin nan za su jeru a ƙarshen shekarun 1970, jerin da ba ya faruwa sai bayan kimanin shekara 175.

Voyager 1 ya ci moriyar Mushtari a 1979 da Zuhal a 1980, shi ya sa yake tafiyar kusan kilomita 17 a daƙiƙa. New Horizons kuwa Mushtari kaɗai ta tura shi, sai gudunsa ya sauko zuwa wajen 14. Shi kuma Voyager 2, an bi da shi ta Yuranus a 1986 da Naftun a 1989, inda aka karkatar da shi domin ya leƙa watan Tiriton, wanda hakan ya rage masa gudu. Bai ƙetare iyakar ba sai Nuwamba 2018. Wato ya yi jinkiri ne saboda aikin da aka ɗora masa, kuma har yau shi kaɗai ne ya taɓa ziyartar waɗannan duniyoyi biyu.

Sai dai a nan ne sana'ata ta shigo. Me ake nufi da "ficewa"? Iyakar da Voyager 1 ya ƙetare, a nisan kilomita biliyan 18, ita ce inda iskar da rana ke fesowa take tsayawa. Amma ikon janyowar rana ya wuce nan nesa, har zuwa gajimaren ƙanƙara da ake kira Oort, wanda kumbon zai ɗauki kimanin shekara 300 kafin ya isa bakinsa, da kusan shekara 30,000 kafin ya ratsa shi. Saboda haka na gaya wa ɗalibaina cewa mai fassarar da ya rubuta "ya bar dangin rana baki ɗaya" ya ɓatar da mai karatu. Kumbon ya fita ƙofar gari ne, amma har yanzu yana cikin ƙasar sarki.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.