Gilashin roba: yadda ake yanka shi ba tare da asara ba

Wanda ya shiga banki ko kantin magani a 2020, lokacin annobar korona, ya ga wani allo garai-garai da aka kafa tsakanin ma'aikaci da jama'a. Yawancin irin waɗannan alluna ba gilashi ba ne, akirilik ne, wato gilashin roba. Kusan kashi 92 cikin ɗari na haske yana ratsa shi, nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, kuma idan ya fashe ba ya watsewa ƙanana-ƙanana ya yanki mutane.

Ba sabon abu ba ne. A 1933 kamfanin Otto Röhm na Jamus ya sa masa suna Plexiglas, kamfanin ICI na Ingila kuma ya kira nasa Perspex. Da shi aka riƙa rufe mazaunin matuƙan jiragen sama a yaƙin duniya na biyu. A nan ne likita Harold Ridley ya lura cewa ɓarɓashinsa da ya shiga idon matuƙa yana zama lafiya lau, ido bai ƙi shi ba. Wannan ya sa a 1949 ya dasa wa wani mai yanar ido ruwan tabarau na akirilik a cikin ido, a asibitin St Thomas da ke Landan.

Yau mai ƙaramin jari na iya sayen falle ya haɗa akwatin nuna kaya, ko murfin hoto, ko allon shago. Abin da ke damuna shi ne yawan fallen da ake ɓatawa, saboda ana yi masa aikin katako ko na gilashi, alhali halinsa daban ne. Zafi da gaggawa su ne ke kashe shi.

Kada a ɓare ledar da ke jikinsa sai an gama aiki. A kanta ake zana layi. Idan kaurinsa bai wuce milimita 4 ba, ba a bukatar zarto. A ɗora rula ta ƙarfe, a ja wuƙa mai kaifi a kan layi ɗaya sau da yawa har tsagar ta yi zurfi, sannan a daidaita ta da bakin tebur a danna gaba ɗaya. Zai ɓalle tsaf. Mai kauri kuwa sai zarto mai ƙananan haƙora, a tafi a hankali, domin idan bakin zarton ya yi zafi robar narkewa take yi ta sake haɗewa a bayansa. Samfefa mai laushi da ɗan ruwa ke gyara gefen.

A wajen huji ne aka fi yin kuka. Bakin injin huda ƙarfe yakan cafki robar daidai lokacin da zai fita ta baya, sai ka ji ƙas. Maganinsa a sa katako a ƙasa, a rage gudu, a nisanci gefe. Sannan hujin ya ɗan fi notin da za a sa faɗi, kuma kada a ɗaure tamau. Dalili kuwa, falle mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan milimita 2 idan zafi ya hau da digiri 30. Allon da ya kwana cikin sanyin hunturu ya wuni a rana yana bukatar wurin motsi. In bai samu ba, daga bakin noti zai fara tsagewa.

Ana lanƙwasa shi da iska mai zafi, don yana laushi sosai a wajen digiri 150. Gam ɗinsa na musamman narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, sai dai tururinsa na da illa, don haka a yi aikin a fili.

Ƙura ma abokiyar gaba ce. Goge shi da busasshen tsumma karce shi ne. Ruwan sabulu da ƙyalle mai laushi sun isa. Sipirit da tina kuwa kan sa ya yi tsage-tsage ko ya dushe. Kuma akirilik yana cin wuta, saboda haka akwatin da za a ajiye kusa da murhun mai tsire ko kaskon mai suya, gara a yi shi da gilashi na gaske.