Kana biyan bashi? Ga yadda za ka ci mai kyau, ka motsa jiki, ba tare da ka ƙara wani bashin ba

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Idan naka ya kai matakin da albashi ko ribar kasuwa ke shigowa yau su fita gobe, to ka san inda ake fara yankewa: tukunya. A daina sayen ƙwai, a rage ganye, a koma cika ciki da duk abin da ya fi arha. Motsa jiki kuwa a ce sai an samu sarari, wai harka ce ta masu kuɗi.

Wannan yankewar tana da tsadar da ba a ganinta nan take. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Wato ranar da hawan jini ko ciwon suga ya kwantar da kai, akwai yiwuwar sabon bashi ne zai biya asibiti. Abin da bincike ke nunawa shi ne, ainihin abin da jiki ke buƙata ba shi ne mai tsadar ba. Mai tsadar shi ne kwalliyar da aka yi wa harkar. Bari mu bi abin daki-daki.

Me ya sa bashi ke rikita lissafi?

A shekarar 2013, mujallar Science ta wallafa binciken Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao. Sun gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe kuma bashi ya yi yawa, da bayan girbi, lokacin da kuɗi suka shigo. Mutanen ba su canza ba, amma sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan girbi. Bayanin masu binciken shi ne, damuwar kuɗi tana cinye wani ɓangare na hankalin mutum, sai ya rage kaɗan da zai yi sauran shawarwari da shi. Masana na ci gaba da muhawara kan girman wannan tasiri, amma darasin yana da amfani a gare ka: kada ka bar shawarar abinci da ta kuɗi sai lokacin da ka gaji, yunwa ta kama ka, ga kuma saƙon mai bin bashi a waya. Ka zauna sau ɗaya a wata, ranar da kuɗi suka shigo, ka rubuta tsari. Sauran kwanakin bin takarda kawai za ka yi.

Fara da sanin bashin da ke cin ka

Ba duk bashi ne ɗaya ba. Wanda yayanka ya ranta maka ba ruwa yana nan yadda yake. Mai kuɗin ruwa kuwa haihuwa yake yi kana barci. Ɗauki misali: ka ci naira 100,000 a wata manhajar bada rance, da ruwan kashi 10 cikin 100 kowane wata a kan abin da ya rage. A kunne kamar ba yawa. Amma idan ba ka biya komai ba, ruwan yana hawa kan ruwa, bayan wata 12 bashin ya haura naira 313,000.

Idan kana biyan 10,000 a wata, ruwan kawai kake biya, uwar kuɗin ba ta motsa ba. Idan kana biyan 20,000, za ka gama a wata na takwas, ka biya kusan 145,600 gaba ɗaya. Idan ka ɗaga zuwa 30,000, a wata na biyar ka gama, jimla kusan 127,900. Ka ga ƙarin 10,000 a wata ya rage maka wata uku na zullumi, ya kuma bar maka kusan naira 17,700 a aljihu.

Don haka tsarin da lissafi ya goyi baya shi ne: ka biya mafi ƙarancin abin da aka wajabta a kowane bashi, sannan duk rarar da ka samu ka zuba wa wanda ruwansa ya fi yawa. Wasu sun fi samun ƙarfin gwiwa idan suka fara kashe ƙaramin bashi suka ga an goge sunansu. Hakan ma hanya ce, muddin ka san cewa idan akwai mai ruwa da yawa a gefe, jinkirin kuɗi yake ci. Tambayar yanzu: daga ina 10,000 ɗin za ta fito ba tare da an taɓa lafiyarka ba?

Abinci: ka sayi sinadari, ba suna ba

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a Najeriya tana fitar da rahoton kuɗin da abinci mai gina jiki ke ci wa mutum ɗaya a rana. A rahotannin 2024, abincin da ake samu daga dabbobi shi ne rukuni mafi tsada, yana cin kusan kashi ɗaya bisa uku ko fiye na kuɗin, yayin da rukunin wake da gyaɗa da dangoginsu ya fi kowanne arha. A nan dabarar take.

Babban mutum yana buƙatar kusan gram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 65 yana buƙatar gram 52 kenan. Mai ɗaga nauyi don ƙara tsoka zai amfana da fiye da haka, amma akwai iyaka. Wani nazari na 2018 da Robert Morton da abokan aikinsa suka yi, wanda ya tattara gwaje-gwaje 49, ya gano cewa amfanin yana tsayawa a kusan gram 1.6 a kowane kilo. Ga mai kilo 65, gram 104 kenan. Abin da ya wuce nan ba ya ƙara tsokar a zo a gani, kuɗi kawai yake ƙarawa.

To duba abin da ke kasuwa. Kilo ɗaya na busasshen wake yana da furotin kusan gram 240. Gyaɗa kusan 250. Waken suya kusan 360. Ɗanyen naman sa marar ƙashi kusan 200. Ƙwai ɗaya kusan gram 6, wato kiret mai 30 kusan 180. Ka ɗauki farashin yau a kasuwarku, ka raba da waɗannan lambobi, za ka ga nawa gram ɗaya na furotin ke tsaya maka a kowanne. Tun da mudu da tiya sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, ka sa a auna maka a sikeli sau ɗaya don ka san nauyinsu. Ka yi wa gwangwanin garin furotin da ake tallatawa a intanet irin wannan lissafin kafin ka tura kuɗi.

Za ka ji ana cewa furotin na tsirrai bai cika ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Furotin an gina shi ne da ƙananan tubala da ake kira amino asid. Hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa suna da ƙarancin wanda ake kira laisin, wake kuma yana da shi da yawa amma yana da ƙarancin methiyonin, wanda hatsi ke da shi. Idan suka haɗu sai su cike wa juna. Ka ga shinkafa da wake, koko da ƙosai, fura da nono, tuwo da miyar gyaɗa, duk haɗi ne mai ma'ana tun kafin a san sunan laisin. Ba ma dole sai a kwano ɗaya ba, cikin yini ɗaya ya wadatar.

Gwada wannan yinin: busasshen wake gram 100 da aka dafa, ƙwai biyu, kofin nono, cikin tafi na gyaɗa, da hatsin da ka saba ci a tuwo ko koko. Ka haura gram 70 na furotin ba ka taɓa nama ba. Ƙara awara ko busasshen kifi a miya, ka doshi 100. Nama ya zama na marmari, sau ɗaya ko biyu a mako.

Ganye da 'ya'yan itace fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla gram 400 a rana. Babu inda aka ce sai tuffa ko inabi. Zogale, alayyahu, rama, yakuwa, kabewa, kuɓewa, karas, kabeji, duk suna ciki. Ka bi lokaci: mangwaro a lokacinsa, lemo da gwaiba da kankana a nasu. Lokacin da tumatir ya yi arha, a yanka a shanya kauɗa. Wata dabara kyauta: sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda jiki ke haɗa jini da shi, ya fi shiga jiki idan an ci shi da abu mai bitamin C kamar lemon tsami ko tumatir. Shayi kuma yana rage shigarsa, don haka ka ba da tazara tsakanin cin wake da shan shayi.

Akwai arhar da ba a saye. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna na iya ɗauke da gubar afalatoksin, wadda aka tabbatar tana haddasa sankarar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Idan ka ga ƙwayar ta canza launi, ta motse, ko tana warin ruma, ka bar ta ko nawa aka rage maka. Wanda ka saya da yawa kuma ka adana shi a busasshen wuri.

Inda za ka yanke ba tare da asara ba

Lemon kwalba mai santilita 50 na iya ɗauke da suga kusan gram 50, wato kusan ƙaramin cokali 12. Wannan shi ne duka iyakar yini ga mai cin abinci daidai gwargwado, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta cewa sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da ake samu daga abinci. Idan kana kashe, a ce, naira 350 kullum a kan lemo ko abin ƙwalama, a wata 10,500 kenan. Ga kuɗin nan da muke nema ɗazu. Zoɓon gida mai ɗan suga kaɗan, ko ruwa kawai, ya maye gurbin. Haka gishiri: iyakar ita ce ƙasa da gram 5 a rana, bai cika ƙaramin cokali ba, kuma dunƙulen ɗanɗano yawancinsa gishiri ne. Ka rage shi, ka ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta.

Motsa jiki: jikinka bai san kuɗin rajista ba

A 2006, masana tattalin arziki Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier sun bi bayanan mambobin wasu gidajen motsa jiki uku a Amurka. Masu biyan sama da dala 70 a wata, a matsakaici sau huɗu da ɗan wani abu suke zuwa a wata. Kowane zuwa ya tsaya musu sama da dala 17, alhali akwai tikitin da zuwa ɗaya ke kamawa dala 10. Mutum yakan biya kuɗi bisa ƙwazon da yake fatan yi, ba wanda yake yi ba. Mai bashi ba shi da rarar da zai yi wannan cacar.

Abin da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nema daga babba shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Matsakaici shi ne tafiyar sauri wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗaga. Minti 30 sau biyar a mako ya cika 150. Idan ka sauka daga a-daidaita-sahu kafin inda za ka, ka ƙarasa da ƙafa, ka motsa jiki, ka kuma rage kuɗin mota. Wani nazari na 2022 a mujallar Lancet Public Health ya nuna haɗarin mutuwa da wuri yana raguwa yayin da taku ke ƙaruwa, har zuwa kusan 8,000 zuwa 10,000 a rana ga 'yan ƙasa da shekara 60, da 6,000 zuwa 8,000 ga waɗanda suka kai 60.

Tsoka kuwa nauyi ta sani, ba ta san ko ƙarfen kanti ne ko jarka ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 10 nauyin kilo 10 ce, kuma kana iya ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Tsuguno da miƙewa, tura jiki daga ƙasa da hannuwa, hawa matakala, ɗaukar jarka biyu ka yi tafiya, sun isa farawa. Ka yi kowanne sau 8 zuwa 15, ka huta, ka maimaita sau biyu ko uku. Sirrin shi ne ƙari a hankali: idan abin ya yi sauƙi, ka ƙara nauyi ko adadi. Macen da ba ta cika fita ba za ta iya yin duk wannan a tsakar gida ko cikin ɗaki.

Yadda za ka jera takardar

Ranar da kuɗi suka shigo, ka fara ware na dole: haya, sufuri, makarantar yara, da magani idan likita ya ɗora ka a kai. Maganin hawan jini ko na suga ba wurin yin tattali ba ne. Na biyu, kuɗin abincin wata, kuma ka sayi hatsi da wake da gyaɗa da mai tun a ranar, kafin kuɗin su narke. Na uku, mafi ƙarancin biyan kowane bashi. Na huɗu, ɗan abin ko-ta-kwana, ko da kaɗan ne, don kada zazzaɓi ɗaya ya mayar da kai ga mai bada rance. Duk abin da ya rage, kai shi ga bashin da ya fi ruwa a ranar, kada ya kwana.

Idan kana da ciwon ƙoda, ciwon zuciya, ciwon suga, ko kina da juna biyu, a tuntuɓi ma'aikacin lafiya kafin ƙara furotin ko fara atisaye mai ƙarfi. Idan kuma ka lissafa ka ga ko abincin bai fita ba balle biyan bashi, to ka je wurin mai bin ka tun kafin ranar biya, ka nemi a tsawaita lokaci ko a rage abin da kake biya a wata. Cin sabon bashi don biyan tsoho shi ne abin da ya kamata ka fi gudu.

A wannan makon, abu uku kawai: ka rubuta duk bashin da ke kanka da ruwan kowanne, ka lissafa farashin gram ɗaya na furotin a kasuwarku, ka yi tafiyar minti 30 gobe da safe kafin rana ta yi zafi.