Kwartanci da Soyayyar Manya a Wasan Talabijin na Koriya: Nazarin "Anae-ui Jagyeok"

Gabatarwa

A ranar 29 ga Fabrairu, 2012, gidan talabijin na JTBC da ke birnin Seoul, a ƙasar Koriya ta Kudu, ya fara nuna wani wasan kwaikwayo mai kashi 16 mai suna Anae-ui Jagyeok, wato "Cancantar Matar Aure". Jung Sung-joo ce ta rubuta shi, Ahn Pan-seok kuma ya shirya shi. Labari ne na wata matar aure, uwar ɗa guda, wadda ta kamu da son wani likitan haƙori, shi ma magidanci. Abin da ya sa wasan ya cancanci nazari shi ne, a shekarar da aka nuna shi, abin da tauraruwarsa ta aikata laifi ne da dokar ƙasar ta tanadar wa ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, amma duk da haka aka tsara labarin yadda mai kallo zai bi bayanta. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda aka yi haka, da kuma irin yanayin da ya haifar da wasan.

Doka da al'ada

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa dokar Koriya ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba. Saboda haka magidancin da zuciyarsa ta karkata ga wata ba shi da ƙofar yi wa matarsa kishiya. Ko dai ya haƙura, ko ya rabu da ta gida, ko ya yi a ɓoye. A zamanin da, masu hali sukan ajiye ƙwaraƙwarai, kuma dokar da aka yi aiki da ita lokacin mulkin mallakar Japan matar aure da kwartonta kaɗai take hukuntawa. Magidancin da ya nemi wadda ba ta da aure babu abin da zai same shi. A 1953 ne majalisar ƙasar ta kafa sashe na 241 na dokar laifuffuka, wanda ya daidaita miji da mata a gaban hukunci. Don haka da farko an ɗauki wannan sashe a matsayin garkuwar mata. Sai dai yana da sharaɗi mai nauyi: ba a shigar da ƙara sai wanda aka ci amanarsa ya kai kuka da kansa, kuma sai ya riga ya nemi a raba auren. Wato dokar da aka ce an yi ta don kare aure ba ta fara aiki sai auren ya kama hanyar mutuwa.

Adabi bai yi jinkirin shiga wannan fage ba. A 1954 marubuci Jeong Bi-seok ya riƙa fitar da labarinsa Jayu Buin a jaridar Seoul Shinmun, a kan matar wani malamin jami'a da ta shiga gidajen rawa. An yi ta cacar baki a kansa, aka kuma mai da shi fim a 1956. A talabijin kuwa, wasan da ya fi tayar da ƙura shi ne Aein, wato "Masoyi", na gidan MBC a 1996, inda Yoo Dong-geun da Hwang Shin-hye suka fito a matsayin ma'aurata biyu, kowa da gidansa, da suka faɗa son juna. Maganarsa ta kai har zauren majalisa, ana zargin yana ƙawata ɓarna, alhali a kasuwa mata suna rububin irin abin kama gashin da tauraruwar ta sa. Amma Aein ya ƙare ne da kowa ya koma ga iyalinsa. Wannan shi ne tsohon zubi: a bar mai kallo ya ɗanɗana haramtacciyar soyayya na 'yan makonni, sa'an nan a mai da kowa ɗakinsa.

Labarin a taƙaice

Yoon Seo-rae, wadda Kim Hee-ae ta fito a matsayinta, mace ce mai sauƙin kai da ta auri Han Sang-jin, ɗan jaridar talabijin daga gidan masu ji da kansu. Dangin miji suka matsa lamba sai an koma unguwar Daechi-dong domin karatun ɗansu Gyeol. Can ta yi ta fafutuka har yaron ya sami shiga makarantar ƙarin darasi ta wata shahararriyar malama, Hong Ji-seon. A wannan unguwa ce aka sace mata keke, wani mutum ya taimaka mata ta same shi. Mutumin nan shi ne Kim Tae-oh, likitan haƙori, wanda Lee Sung-jae ya fito a matsayinsa. Daga baya shi ne ya je ya duba haƙoran mahaifiyarta, wadda gigin tsufa ya kama take zaune a gidan kula da tsofaffi. Ashe kuma shi ne mijin malamar ɗanta. Da asiri ya tonu, sai surukai suka yi mata wulaƙanci, aure ya mutu, ta fita ba ta da komai, ta shiga aikin ƙarfi don ta ci da kanta. A ƙarshe ita da likitan suka kasance tare.

Jigo da warwararsa

Wanda ya ji labarin a taƙaice zai ce jigonsa kwartanci ne. Amma sunan wasan da kansa yana nuni zuwa wani wuri. Kalmar jagyeok ita ce Koriyawa suke amfani da ita ga cancantar da ake tabbatarwa da takardar shaida, irin ta lauya ko malamin makaranta. Tambayar da wasan ya ɗora ke nan: wane ne yake ba mace takardar cancantar zama matar aure, kuma da wane ma'auni? A gidan su Han, ma'aunin shi ne sakamakon jarrabawar ɗanta.

A nan dole a ɗan tsaya a kan Daechi-dong, domin ba don ado aka zaɓi unguwar ba. Tana cikin gundumar Gangnam, kuma ita ce cibiyar makarantun ƙarin darasi masu zaman kansu da ake kira hagwon, ɗaruruwansu a jere. Duk wannan hada-hada tana fuskantar rana guda ce a watan Nuwamba, ranar jarrabawar shiga jami'a mai suna Suneung, wadda ake dakatar da tashi da saukar jiragen sama saboda ita lokacin da ɗalibai suke sashen sauraron Ingilishi. A 2012 iyaye a Koriya sun kashe kimanin won tiriliyan 19 a kan ƙarin darasi, a 2023 kuwa kuɗin ya haura tiriliyan 27. Har sai da hukumar birnin Seoul ta sa dokar rufe waɗannan makarantu da ƙarfe goma na dare. Nauyin wannan tsere a wuyan uwa yake: ita za ta nemo labarin malamin da ya fi, ta shiga ƙungiyar iyaye mata, ta kai yaro ta ɗauko shi. In ya ci, ɗan gidan ubansa ne. In ya faɗi, sakacin uwarsa ne. Ga shi kuma macen Koriya ba ta ɗaukar sunan dangin miji bayan aure, 'ya'ya ne bisa al'ada suke ɗaukar na uba. Seo-rae 'yar Yoon ce a tsakiyar 'yan Han, kuma akan kira mace irinta da "uwar wane", ba da sunanta ba. Haƙiƙa abin da ya ja ta ga likitan ba kyau ba ne, ba kuɗi ba ne. Shi ne mutum na farko a unguwar da ya dube ta ba a matsayin mai rakiyar ɗalibi ba, ya kuma girmama mahaifiyarta, wadda surukai ba su ɗauke ta a bakin komai ba.

Jigo na biyu shi ne munafunci, kuma a nan alƙalamin marubuciyar ya fi kaifi. Han Sang-jin a bainar jama'a mai ra'ayin kawo sauyi ne, mai maganar adalci, amma a gida yana auna mutane da dukiya da asali, kuma rashin kamun kansa a wajen mata ne ya kai shi ƙasa daga baya. Ƙanwarsa tana cikin masu jifan Seo-rae, ba ta san nata mijin, lauya ɗan babban gida, yana da wata mace da ɗa a ɓoye ba. Koriyawa suna da wani zance da suka taƙaita da naeronambul, ma'anarsa in ni na yi soyayya ce, in wani ya yi kwartanci ne. Abin da Bahaushe yake nufi da laifi tudu ne. Kusan duk wanda ya ɗaga murya a kan tauraruwar yana da nasa abin ɓoyo. Bambancin kawai shi ne su sun iya rufa asiri, kuma suna da abin rufawa.

Salo

Koriyawa suna da kalmar makjang, wadda asalinta ƙarshen ramin haƙar ma'adini ne, suna kiran wasannin da suka wuce gona da iri da ita: mari, watsa ruwa a fuska, ɗan da aka musanya a asibiti, da makamantansu. Yawancin wasannin kwartanci a nan suke faɗawa. Ahn Pan-seok ya kauce wa wannan hanya. Yakan bar na'urar ɗaukar hoto a wuri guda ta daɗe, ya ɗauki mutane daga nesa ko ta bakin ƙofa, kamar mai leƙe, ya bar shiru ya yi aikin da kuka da ihu suke yi a wasu wasanni. Soyayyar ma ta manya ce, mai tafe da kunya da lissafi: kowannensu yana da yaro, yana kuma sane da abin da zai rasa. Kim Hee-ae, wadda aka haifa a 1967, tana da shekara arba'in da 'yan kai lokacin, kuma wannan rawa ce ta ba ta lambar gwarzuwar 'yar wasan talabijin ta Baeksang a 2013. Gidan JTBC kansa bai fi wata uku da buɗewa ba sa'ad da aka fara wasan, yana neman abin da zai bambanta shi da tsofaffin gidaje uku, KBS da MBC da SBS.

Duk da haka akwai inda wasan ya saukaka wa kansa aiki. An muzanta mijin da danginsa ƙwarai, har mai kallo ba ya samun damar auna laifin Seo-rae da kyau. Da a ce mijin mutumin kirki ne wanda kawai so ya ƙare tsakaninsu, da tambayar ta fi wuya, da kuma wasan ya fi zurfi. Haka nan yaran gidajen biyu, waɗanda ba su zaɓi komai ba, su ne suka biya wani kaso na farashin, kuma tausayin da aka tara wa masoyan yakan rufe wannan. Masu sukar irin waɗannan wasanni ba su rasa hujja ba a nan.

Abin da ya biyo baya

Wasan ya zo ne a kan gaɓa. Tun a 2008 aka soke tsarin hoju, wanda yake rajistar iyali a ƙarƙashin namiji shugaban gida. A 2012 an raba aure kimanin 114,000 a ƙasar, kuma a wannan shekara ce, karo na farko, waɗanda suka rabu bayan zaman shekara ashirin ko fiye suka zarce waɗanda suka rabu cikin shekara huɗun farko. Ke nan masu kallon da suka kai tsakiyar rayuwa ba baƙon abu aka nuna musu ba.

Sashe na 241 kuwa ya sha zuwa gaban Kotun Tsarin Mulki: a 1990 da 1993 da 2001 ta tabbatar da shi. A 2008, cikin ƙarar da ta haɗa da 'yar wasa Ok So-ri, alƙalai biyar daga cikin tara suka ƙi amincewa da shi, amma ana bukatar shida, don haka ya tsira da ƙuri'a guda, ita kuma aka yi mata ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata takwas. Sai a ranar 26 ga Fabrairu, 2015, alƙalai bakwai a kan biyu suka soke shi. Kafin nan, a 2014, marubuciyar da mai shiryawar da tauraruwar sun sake haɗuwa a wasan Milhoe, inda mace mai shekara arba'in ta so saurayi makaɗin fiyano mai shekara ashirin. Ta ƙare a kurkuku, amma saboda almundahanar iyayen gidanta da ta taya ɓoyewa. A 2020 Kim Hee-ae ta koma ɗaya ɓangaren, ta fito a matsayin matar da aka ci amanarta a Bubu-ui Segye, wanda aka ɗauko daga Doctor Foster na BBC, kuma kashinsa na ƙarshe ya sami fiye da kashi 28 cikin ɗari na masu kallo.

Soke hukuncin ɗauri bai wanke mai laifi a kotun farar hula ba. Wanda aka ci amanarsa yana da ikon neman diyya daga abokin zamansa da kuma kwarton ko kwartuwar. A watan Satumba na 2015 kuma Kotun Ƙoli, da alƙalai bakwai a kan shida, ta tabbatar da ƙa'idar cewa wanda ya jawo lalacewar aure ba shi ne zai nemi kotu ta raba shi ba, sai a wasu yanayi ƙalilan. Bisa wannan ƙa'ida, mace mai hali irin na Seo-rae ba za ta sami takardar rabuwa ba sai mijin ya yarda, ko kuwa shi ya kai ƙara.