Turancin da ke Bakin Kafinta

A rumfar kafinta a Bulkachuwa, gabas da Azare a ƙaramar hukumar Katagum, yaron da ko firamare bai gama ba yana iya wuni yana zuba Turanci bai sani ba. Oga zai ce ya miƙo hama, ya ɗauko tef ya auna falanki, ya shafa gulu, ya goge da samfefa kafin a sa banish. Duk kalmomin Ingilishi ne da bakin Bahaushe ya sarrafa. Amma a miƙa wa yaron nan takardar da aka rubuta "hammer", "plank", "glue", "sandpaper" da "varnish", sai ya yi tsuru-tsuru, alhali kayan suna gabansa, sunayensu kuma tun safe suke bakinsa.

Abin yana da tarihi. Kafin zuwan Turawa aikin itace a ƙasar Hausa na masassaƙi ne, mai gatari da gizago, wanda ke fafe gungume guda ya fitar da turmi, ko akushi, ko allon karatu, ko ƙotar fartanya. Ya san ƙirya ta fi ƙarko, ya san aduwa ta fi kyau da allo, kuma har yau babu Turanci a sana'arsa. Kafinta daban ne. Shi katakon da aka riga aka tsaga yake yankawa ya harhaɗa, sana'ar kuwa ta bazu ne a zamanin mulkin mallaka. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, har da kafinta a ciki, kuma isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauƙaƙa hauro da katako da kwanon rufi daga kudu. Kaya suka zo, sunayensu suka biyo su.

Hausa ba ta karɓi sunayen nan kara-zube ba, akwai ƙa'ida, kuma wanda ya gane ta ya ci rabin karatun. Harafin "p" yakan koma "f": "carpenter" ya zama kafinta, "paint" fenti, "pliers" filaya. Shi kuma "v" yakan koma "b", kamar a banish. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe wuri guda, sai ta cusa wasali a tsakani, shi ya sa "screwdriver" ya miƙe ya zama sukudireba, "square" ya zama sukwaya. Tana kuma yawan rufe kalma da wasali: "bench" benci. Mai koyo aikinsa kawai ya bi sawu da baya. Durowa ita ce "drawer", tebur "table", silin "ceiling", cizal "chisel". Kabad ce mai rikici, don "cupboard" ake rubutawa, amma Turawan kansu ba sa furta "p" ɗin, saboda haka a nan kafinta ya fi ɗan boko mai bin harafi kusa da daidai.

Kaɗan ne suka ƙi aro. Zarto yana nan, a Turance "saw", ƙusa "nail", gizago "adze". Su ne ma suka fi ruɗa ɗalibi, domin "nail" tana nufin farce, "saw" tana nufin an ga abu a baya, "plane" kuwa, abin fere katako ya yi sumul, sunanta ɗaya da jirgin sama.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne wajen awo. Duk wanda ya je sayen katakon rufi a Azare zai ji ana kiran tubaitu, tubaitiri, tubaifo. Ba wani abu ba ne illa "two by two", "two by three" da "two by four", wato kauri da faɗi a inci. Tsawon sanda galibi ƙafa 12 ne, allon filawud kuma ƙafa 4 a faɗi, 8 a tsawo. To amma Najeriya ta koma ma'aunin mita tun shekarun 1970, kuma masu zanen gini da milimita suke rubutu. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka idan zane ya ce 50 x 100, tubaifo ake nufi. Idan ya ce 1220 x 2440, allon filawud ne guda. Kafintan da bai san wannan ba zai iya ƙin aikin da ya yi shekara ashirin yana yi, ko ya karɓa ya yi kuskuren lissafi ya cika daga aljihunsa. Masu kallon bidiyon kafintocin Amurka a YouTube su kuma su lura: can "lumber" suke cewa inda Ingila da Najeriya ke cewa "timber", kuma tubaifo ɗinsu bayan an fere shi inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi.

A kan rufi ma Turanci ne reras. Sandunan da ke gangarowa daga ƙololuwa su ne "rafters", waɗanda ke gitta su a buga kwano a kai "purlins", falankin da ke rufe bakin rufi ya ƙawata shi "fascia board".

Sunayen itatuwa kuwa, a nan Turanci ne ya ci bashi. "Iroko" da "afara" daga Yarbanci suka shiga, "sapele" sunan garin Sapele ne a jihar Delta, inda aka daɗe ana tsaga katako. Maɗacin da Bahaushe ya sani dangin "mahogany" ne. Sai dai akwai tarko ga mai shirin jarrabawa. A kasuwa duk katako mai laushi, irin su obeche, "softwood" ake ce masa. A littafi kuwa rabon ba na tauri ba ne: itace mai faffaɗan ganye "hardwood" ne ko da farce na huda shi, "softwood" kuma dangin itatuwan ƙasashen sanyi ne masu ganye kamar allura. Kenan obeche a takardar jarrabawa "hardwood" ne, ko dillalin katako ya yarda ko bai yarda ba.

Jarrabawar kuwa ba ta da sassauci. Hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB da Turanci take tambaya a darasin "carpentry and joinery", kuma tana bambanta aikin gini, irin su rufi da katakon zuba kankare, da aikin haɗa ƙofa da taga da kabad. Tana son ɗalibi ya san "mortise and tenon", wato rami da harshen da ke shiga cikinsa, haɗin da kowane kafintan Bulkachuwa ke yi a ƙafar tebur ba tare da ya damu da sunansa ba. Takardar shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, ita ma da Turanci ake rubuta ta, haka takardun kwangilar kujerun makaranta.

Saboda haka gyaran ba ya bukatar aji ko allon bango mai tsada. Ogan da ya iya karatu ya samu guntun filawud ya rubuta sunan kowane kayan aiki da Hausa da Turanci, ya rataye shi inda yara ke gani kullum. Malaman Turanci na makarantun Katagum su ma su daina fara darasi da kalmomin da yaro bai taɓa ji ba, su tura shi rumfar kafintan unguwa ya rubuto sunaye ashirin, a zo aji a gyara rubutunsu tare.